Gyaran bututun ruwan gida: Kada a rufe rami sai an gwada

A yawancin gidajenmu, hujja ɗaya ake nema kafin a sallami mai gyaran famfo: a murɗa kan famfo, a ga ruwa ya zubo. Da zarar an ga haka sai a ce aiki ya yi kyau, a mayar da ƙasa cikin rami, a biya kuɗi, kowa ya kama gabansa.

Wannan hujja ba ta isa ba. Bututun da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa shi ma yana kawo ruwa. Wanda aka ɗaure da robar tayar babur ma yana kawowa, haka wanda aka ratsa da shi ta tsakiyar kwata. Zubowar ruwa tana nuna cewa hanya a buɗe take, amma ba ta faɗin ko nawa ke zurarewa kafin ya iso, ko kuma me ya gauraya da shi a hanya.

Bututun da muke magana a kai shi ne wanda ke ɗauko ruwa daga babban layin hukuma a bakin titi zuwa cikin gida, ko daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Duk ruwan da iyali za su sha, su yi girki, su wanke jariri, ta cikinsa yake bi. Kuma shi ne ɓangaren da ba a sake gani da zarar an binne shi.

Ra'ayinmu shi ne, bai kamata magidanci ya yarda a rufe ramin gyara ba sai ya ga aikin da idonsa kuma an gwada shi a gabansa. Yin hakan ba ya buƙatar ilimin injiniya. Yana buƙatar haƙuri na yini ɗaya da sanin abin da za a duba.

Inda ruwa ke fita, ta nan ƙazanta ke shiga

Mutane da yawa suna ɗaukar yoyo a matsayin asarar ruwa kawai. A garin da famfo ke zuba dare da rana, akwai ɗan gaskiya a ciki, domin ƙarfin ruwan da ke cikin bututu yana turawa waje ne, ba ya barin komai ya shiga.

To amma a biranenmu ruwan famfo zuwa yake yi ya ɗauke. A unguwanni da dama sai a yi kwanaki ba a gan shi ba. Lokacin da aka ɗauke ruwa, bututu yana zama fanko, kuma ragowar ruwan da ke gangarewa zuwa unguwannin da ke kwari yana haifar da zuƙa a bayansa, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinken roba. Duk wata ƙofa da ke jikin bututun za ta tsotso abin da ke kewaye da ita. Idan kwata ce a wurin, ruwan kwata za ta tsotso. Idan kusa da masai ne, abin da ya tsatso daga masai ne zai shiga.

Lamarin yana ƙara muni a inda maƙwabta suka jona injin janyo ruwa kai-tsaye a jikin layi, domin injin yana ƙara ƙarfin zuƙar. Ranar da ruwa ya dawo, abin da ya taru a ciki shi ne zai fara isa randa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tarihi ya nuna irin tsadar wannan sakaci. A shekarar 1854, kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa a birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin mamatan, ya gano cewa yawancinsu daga famfon rijiya ɗaya suke shan ruwa a titin Broad Street. Daga baya aka tono, aka tarar tsakanin rijiyar da wani tsohon ramin ba-haya bai kai mita ɗaya ba.

Akwai misalin da ya fi kusa da batunmu. A ƙarshen 1989 zuwa farkon 1990, a wani ƙaramin gari mai suna Cabool a Jihar Missouri ta Amurka, mutum 243 sun kamu da gudawa mai tsanani, huɗu suka mutu. Masu bincike sun alaƙanta annobar da fashewar manyan bututu biyu da sauya mitocin ruwa da aka yi a garin gab da lokacin da ta fi tsanani, a ruwan da ba a sanya wa sinadarin kulorin. An gyara bututun, ruwa ya dawo, amma ba a kashe ƙwayoyin cutar da suka shiga ba.

Mu kuma a nan ba baƙin wannan cuta ba ne. Alƙaluman Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, sun nuna cewa a 2021 an samu sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi yawan masu cutar. Hanyoyin kamuwa da kwalara suna da yawa, daga buɗaɗɗiyar rijiya zuwa yin ba-haya a fili. Amma tushensu ɗaya ne, wato haɗuwar najasa da abin da ake kaiwa baki. Bututun da aka yi wa gyaran ganin-dama yana cikin hanyoyin da suke haɗa su, kuma shi ne wanda magidanci ke da cikakken iko a kansa.

Asarar da ba a gani

Ko da an bar maganar lafiya, aljihu ma yana ji a jikinsa. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowane daƙiƙa yana zubar da sama da lita 11,000 a shekara, wato jarka mai lita 25 sama da 440. Wannan ɗigo ne kawai. Mahaɗar da ke tsiyayar lita ɗaya a minti tana zubar da lita 1,440 a duk yinin da aka samu ruwa ba yankewa, kusan jarka 58. Duk wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa zai iya lissafa kuɗin da kansa.

Mai rijiyar burtsatse kuma a man janareta ko kuɗin lantarki yake biya, domin inji zai daɗe yana aiki kafin tanki ya cika.

Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa na asarar kusan mita kubik miliyan 45 na ruwa a kowace rana ta hanyar yoyo, abin da zai ishi mutum kusan miliyan 200. Ruwan da aka tace a Tamburawa ko Challawa a Kano, aka kashe kuɗin sinadari da na wuta a kansa, idan ya tsiyaye a ƙofar gidan wani, asara ce ga unguwar da ke ƙarshen layi wadda ruwan ba zai kai mata ba.

Sai kuma gini. Ruwan da ke tsiyaya kusa da harsashi yana tausasa ƙasa sannu a hankali. A ginin siminti za a ga fenti na ɓarewa, bango na tsagewa, daɓe na lotsawa. A ginin ƙasa, katanga na iya zubewa ba tare da an ga hadari ba.

A fara da sanin na wane ne bututun

Babban layin da ke bin titi mallakar hukumar ruwa ta jiha ne. Ba aikin mai gyara na unguwa ba ne ya fasa shi ko ya jona a jikinsa ba tare da izini ba. Idan matsalar a can take, ofishin hukumar za a kai ƙorafi, a kuma nemi a rubuta shi. A tambaye su inda alhakinsu ya tsaya da inda na mai gida ya fara, domin kada a biya kuɗin aikin da ba na mutum ba ne.

Sannan a tambayi mai gyara tambaya ɗaya kafin ya fara: me ya fasa bututun? Mota ce ta taka? Saiwar bishiya ce? Tsatsa ce ta ci ƙarfe? Rana ce ta busar da roba har ta tsage? Amsar ita ce za ta nuna ko faci zai wadatar. Bututun ƙarfen da tsatsa ta huda a wuri ɗaya, galibi ta riga ta ci sauran jikinsa, kuma sabon faci zai kai ƙarfin ruwa ne ga wuri na gaba mai rauni. Idan an yi faci sau biyu ko uku a layi ɗaya, lokacin sauya shi gaba ɗaya ya yi.

Abin da za a duba tun rami yana buɗe

Na farko shi ne irin bututun da aka sa. A kasuwa akwai bututun PVC iri-iri da suka yi kama da juna. Akwai mai kauri wanda aka yi domin ruwa mai ƙarfi, akwai marar kauri na fitar da ruwan wanka da wanke-wanke, akwai kuma na zura wayar lantarki. Na farkon ne kaɗai ya dace da wannan aiki.

Bututu na ƙwarai yana da rubutu a jikinsa: sunan kamfani, faɗinsa, da ƙarfin da zai iya ɗauka. Idan aka ga PN10 ko PN16, lambar tana nufin ƙarfin ruwan da zai jure a ma'aunin da ake kira ba, a ruwa mai sanyi. Zafi yana rage wannan juriya, shi ya sa ba a son barin bututun a rana. Wanda ba shi da rubutu ko kaɗan abin tuhuma ne. A kwatanta kaurin sabon da na tsohon da aka yanke, kuma faɗinsu ya zama ɗaya. Idan aka tsuke layi da ƙaramin bututu, ƙarfin ruwa zai ragu a duk gidan.

Na biyu shi ne mahaɗa, domin a nan yawancin gyara ke lalacewa. Kowane irin bututu da yadda ake haɗa shi.

PVC da gam ake haɗa shi a cikin soket. Gam ɗin yana narkar da fatar robar ne, ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, saboda haka ba ya kamawa da kyau a kan laima ko laka. Dole a yanke bakin a miƙe, a kankare shi, a goge ya bushe, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a tura har ƙarshe, a riƙe na kamar rabin minti. Alamar aiki mai kyau ita ce siririn zoben gam da ya kewaye bakin soket ba tare da giɓi ba.

PPR, wanda galibi kore ne ko fari, ba ya karɓar gam. Da injin ƙona shi ake haɗawa, a zafin da ya kai digiri 260. Idan aka bar shi ya daɗe a wuta, robar tana narkewa ta toshe cikin bututun, sai a ga ruwa ya ragu bayan gyara alhali babu yoyo.

HDPE, baƙin nan mai shuɗin layi da ke zuwa a naɗe, shi ma gam ba ya kama shi. Yana da nasa mahaɗai masu murɗawa da zoben roba a ciki. Duk wanda ya shafa masa gam ya ce ya gama, bai gama ba.

Bututun ƙarfe kuma da zare ake haɗa shi, a naɗa masa farin tef. Inda za a haɗa ƙarfe da roba, akwai mahaɗa ta musamman da aka yi domin haka.

Akwai abubuwa biyu da bai kamata a karɓa ba ko da an rage kuɗi. Ɗaya shi ne ɗaure fashewa da robar taya ko leda. Wannan dabarar dare ɗaya ce kafin gari ya waye. Ɗayan shi ne gasa bakin bututun PVC a wutar takarda domin a buɗa shi a zura wani a ciki, don gudun sayen soket. Wuta tana rage kaurin robar, ta bar ta da rauni, kuma a nan za ta sake tsagewa.

Na uku shi ne bawul. Ya kamata a samu makulli mai aiki a inda ruwa ke shigowa gida, a wurin da hannu zai kai ba sai an yi tono ba. Idan babu, wannan ce damar sanya shi.

A tsofaffin gidajen da aka ɗaure wayar kariya ta lantarki a jikin bututun ƙarfe, sauya wani ɓangare da roba yana yanke wannan kariya. A irin wannan gida, a kira mai aikin wuta ya duba.

Kafin a ci gaba, a ɗauki hoton aikin da waya, a haɗa da wata alama kamar ƙofa ko kusurwar katanga. Ranar da za a sake tono, hoton zai hana a farfasa rabin tsakar gida ana lalube.

Gwaji kafin binnewa

Gam yana buƙatar lokaci. A jikin gwangwaninsa an rubuta tsawon jiran da ya kamata, kuma kamfanoni da dama suna ba da shawarar a jira awa 24 kafin a yi cikakken gwajin ƙarfi. Sakin ruwa minti biyar bayan haɗawa yana iya wanke gam ɗin da bai kama ba, ya bar siririyar hanya da za ta buɗe bayan wata guda.

Gwajin ƙwararru shi ne a cika layin da ruwa, a fitar da iska, a toshe ƙarshensa, a ƙara masa ƙarfi da ɗan famfon hannu mai agogo har ya kai ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da zai riƙa aiki da shi, sannan a zuba ido a kan allurar. Bututun roba yakan ɗan saki da farko, allurar ta ɗan sauka ta tsaya. Idan ta ci gaba da sauka ba tsayawa, akwai yoyo.

Ba kowane mai gyara ke da wannan na'ura ba, amma akwai gwajin da kowa zai iya.

A saki ruwa da cikakken ƙarfinsa, a rufe duk famfunan gida da bawul ɗin shiga tanki, domin ƙarfin ya taru a layin. A goge mahaɗar ta bushe, a naɗa mata busasshiyar takarda ko farin ƙyalle, a dawo bayan awa ɗaya. Ko ɗan jiƙewa aka gani, aikin bai yi ba. Kada a yarda da cewa zai kama da kansa.

Mai mita ya rubuta lambar da ke kai, ko ya ɗauki hotonta, ya hana kowa taɓa ruwa na awa biyu, ya sake dubawa. Idan lambar ta motsa, ruwa na fita a wani wuri. A tuna cewa mita tana ba da labarin abin da ke bayanta ne kawai, ba ta san abin da ke faruwa tsakaninta da titi ba.

Idan gyaran a layin da ke saukowa daga tanki ne, a cika tankin, a rufe mashigarsa, a yi alama a daidai bakin ruwa da dare, a duba da asuba kafin kowa ya buɗe famfo. A tanki mai faɗin mita ɗaya, saukar santimita ɗaya tana nufin kusan lita takwas sun tafi.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Tsayin mita goma na ruwa shi ke ba da ƙarfin ba ɗaya. Tankin da ke kan ƙarfe mai tsayin mita biyar rabin ba kawai yake bayarwa, alhali inji ko layin hukuma na iya ninka haka sau da yawa. Mahaɗar da ta jure ruwan tanki tana iya fashewa ranar da aka kunna inji. Saboda haka a gwada kowane layi da irin ƙarfin da zai riƙa ɗauka. Idan an ɗauke ruwan hukuma a ranar gyara, a rufe ramin da katako ko kwano, a kewaye shi saboda yara da dabbobi, a jira ruwa ya dawo.

Yadda ake binnewa

Gyara mai kyau yana iya lalacewa a minti goman ƙarshe, lokacin da lebura ke tura duk abin da ya samu cikin rami. Dutse mai kaifi ko ɓaraguzan bulo da suka kwanta a jikin roba za su huda ta a hankali.

A shimfiɗa yashi mai laushi a ƙasa, a kwantar da bututun ya zauna ba tare da rataya ko lanƙwasa ta dole ba, a sake lulluɓe shi da yashi, sannan a riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana dannawa.

Zurfi ma yana da muhimmanci. A Ingila doka ta ce kada ya gaza santimita 75, musamman saboda ƙanƙara. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da tayar mota da zafin rana da fartanyar mai shara. Bututun da ke kwance taƙi ɗaya a ƙarƙashin ƙasa a ƙofar da mota ke shiga, jiran ranar fashewa kawai yake yi. A irin wannan wuri a zurfafa, a kuma zura shi cikin wani babban bututu mai ƙarfi da zai ɗauke masa nauyi.

Abu mafi muhimmanci shi ne nisa da ƙazanta. Ƙa'idar da jihohi da dama na Amurka ke bi ta ce a bar tazarar kusan mita uku tsakanin layin ruwan sha da na najasa, kuma inda dole su gitta, a bar kusan santimita 45 a tsakani, an fi so na ruwan sha ya bi ta sama. A cikin tsofaffin unguwanninmu masu lunguna, samun mita uku yana da wuya. Duk da haka ana iya kiyaye abu biyu: kada bututun ya kwanta a cikin kwata, kuma kada mahaɗa ta faɗo kusa da masai ko sokawe. Inda dole a tsallaka lambatu, a bi ta samansa da bututu guda marar mahaɗa, a cikin riga ta ƙarfe.

A wanke layi kafin a sha

Duk yadda aka yi taka-tsantsan, laka tana shiga bututun da aka yanke a cikin rami. Ma'aikatan ruwa a Amurka suna goge cikin sabon yanki da mahaɗansa da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari kafin su haɗa. A gida, kofi ɗaya na bilicin wanki marar turare mai ƙarfin kashi 3.5 a cikin kofi biyu na ruwa zai ba da kusan haka. A bar wurin da za a shafa gam ya bushe tukuna.

Bayan an haɗa, a rufe mashigar tanki, a buɗe famfon da ya fi kusa da gyaran, a bar ruwa ya zuba har ya washe kuma warin bilic ya tafi. Wanda ya bar ruwan farko ya shiga tanki ya gurɓata abin da ya tara.

A ɗebi ruwan a kofin gilas a duba. Idan ya yi fari kamar madara sannan ya washe daga ƙasa zuwa sama cikin 'yan mintoci, iska ce, ba komai. Idan ja ne ko ruwan ƙasa kuma ya ƙi washewa, ko yana wari, a dakatar da sha.

Ido ba ya ganin ƙwayar cuta. A kwanakin farko a tafasa ruwan sha har ya yi ɓulɓuli, musamman na jarirai da tsofaffi da marasa lafiya.

Makonni biyu na sa ido

Wani yoyon ba ya bayyana sai ƙasa ta zauna. A riƙa duba wurin. Laimar da ba ta bushewa a lokacin rani, ciyawar da ta yi kore shar ita kaɗai, ƙasar da ta lotsa, ko injin da ke yawan tashi ba tare da an buɗe famfo ba, duk alamu ne. Da dare idan gari ya yi tsit, a ɗora bakin sukundireba a kan bawul, a kara kunne a mariƙinta. Idan ana jin sauti kamar huci alhali duk famfuna a rufe suke, ruwa na tafiya.

Laifin ba na mai gyara kaɗai ba ne

Adalci ne a faɗi cewa masu gida suna da nasu kason. Akwai wanda zai tsuke kuɗin aiki har ya zama babu yadda za a sayi kayan kirki. Akwai wanda zai je kasuwa da kansa ya zaɓo mafi araha, ya manta cewa araha ba ta ado. Akwai mai matsa wa ma'aikaci ya saki ruwa yanzu-yanzu saboda ana jiran girki. Akwai kuma mai gidan haya da zai ce a ɗaure kawai, tunda ba iyalinsa ne za su sha ba.

Hanyar kauce wa rigima ita ce a yi magana tun farko. A rubuta irin kayan da za a sa, a karɓi rasit, a amince cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai an yi gwaji, a kuma yanke tsawon lokacin da mai gyara zai dawo kyauta idan wurin ya sake zuba. A biya shi kuɗin dawowarsa washegari domin gwajin, tunda lokacinsa ne. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya jin haushin a gwada shi. Wanda ya fusata don an ce a jira, ya riga ya ba da amsa.

Kiranmu

Muna kira ga hukumomin ruwa na jihohi da su fitar da ƙa'ida a rubuce, da Hausa, kan yadda ake jona gida da layi: irin bututu, zurfi, da nisa daga kwata. Su samar da lambar waya mai aiki domin kai rahoton fashewa, su kuma tabbatar ruwan da ke isa gidaje yana ɗauke da ragowar kulorin da bai gaza miligiram 0.2 a kowace lita ba, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Wannan ragowar ita ce kariya ta ƙarshe idan ƙazanta ta shiga a hanya.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ta leƙa kasuwannin kayan gini ta raba su da bututun da ba shi da suna ba shi da lamba. Jami'an duba-gari su mayar da hankali kan bututun da ke kwance cikin magudanai, su fara da faɗakarwa kafin tara.

Ƙungiyoyin masu gyaran famfo su ƙarfafa wa yaransu yin jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, su kuma haɗa kuɗi su sayi na'urar gwaji da mambobi za su riƙa ara. Masu unguwanni su sa baki idan bututun wani gida ya fashe a lungu aka bar shi, domin abin da ya tsotsa ba a gidansa kaɗai zai tsaya ba.

Shi kuma magidanci, a gyara na gaba ya tsaya a bakin ramin, ya karanta rubutun jikin bututu, ya duba mahaɗa, ya jira gam ya kama, ya ga gwaji da idonsa, sannan ya ce a zuba ƙasa. Kwana ɗaya na sayen ruwa a jarka ya fi sauƙi a kan sake tono, balle kwana a asibiti da yaro.